Hotona a Jaridar Mishan

Shekara huɗu na yi ina ba da magani a Burkusuma, ni kaɗai Kirista a garin. Ran Lahadi ni ne mai wa'azi, ni ne jama'a, ni ne mai cewa amin. Ina yawan gaya wa Ubangiji cewa Shi kaɗai ya ishe ni, amma ƙarya nake yi. So nake a Jos, hedkwatar mishan, a ce, "Kun ji aikin Malam Barnaba kuwa?"

Sai ga takarda: Baturen mishan zai sauka Sabon Birni ya ɗauki hoton ma'aikata don jarida. Na wanke farar rigar aikina, na yi mata guga har sau biyu.

Ana gobe tafiya aka kawo Saude, wata tsohuwa daga ruga, kurkunu ya huda mata idon sawu. Shi kurkunu ba a yi masa gaggawa. Kullum sai ka ja ɗan kaɗan ka naɗe a tsinke, in ya tsinke a ciki ƙafa ta kumbura, wani ma ya gurgunce. Zuwa Sabon Birni da dawowa kwana uku ne.

Ta ce, "Malam, in kat tahi, wa za shi ja min abin ga?"

Na zauna, amma kada a ce don kirki ne. Haushi kamar ya kashe ni, ina naɗe tsutsa ina yi wa Yesu ƙorafi. Na aiki maƙwabcina Labbo mai jakai da rahotona, na ara masa rigar don ɗan doka ya bar shi ya shiga wurin Baturen.

Kwana goma sha ɗaya kurkunun ya fita duka, Saude ta koma ruga da ƙafarta. Bayan wata uku jarida ta iso. Ga hoton Labbo cikin rigata ya washe baki, zanen Gobir raɗau a kumatu, a ƙasa an rubuta: "Malam Barnaba, bawan Ubangiji mai tawali'u."

Labbo ya ce, "Wallahi na hwaɗa mishi ba ni na ba. Baturen bai ji."

Na zauna na cika shafi biyu da ƙarar gyara. Ina cikin sa hannu wani mutum ya shigo yana ɗingishi, daga wajen Maraɗi.

"Nan na wurin mai jan kurkunun ga? Ba a hwaɗa min sunanshi ba."

Na gyara murya zan faɗa masa, da Malam ɗin da komai. Kafin in buɗe baki ya riga ya zauna ya miƙo ƙafa, ko fuskata bai duba ba. Dariya ta kama ni har da hawaye, na ji kunyar Ubangijina, na kuma ji wani sanyi a rai.

Da na gama wanke masa miki na nemi abin ƙunshe magani na rasa, sai na yaga takardar ƙarar na ƙunshe masa a ciki.