Tafkin Kifi a Bayan Gidan Terkula

A dakalin ƙofar gida suka ƙulla maganar, Bubayaro dillali da Terkula, ɗan ƙabilar Tibi, malamin gona da ya shekara goma sha tara a unguwar Bolewa ta Potiskum. Shekarar ce da ake bin Kiristoci da bindiga, kowa na sayar da gidansa a wulaƙance ya kama hanyar garinsu.

"Oga, duk mai saye ya san gudu za ka yi," in ji Bubayaro. "Mai gudu kuwa ba a taya masa, sadaka ake ba shi. Haƙa tafkin kifi a bayan gida, ka dasa ayaba a gefe. Wanda zai tashi gobe ba ya kiwon tarwaɗa. In sun gani, su za su bi ka."

"Kai dai, Mallam Buba, ko gawa aka ba ka sai ka samo mata miji."

Suka tafa. La'ada sai gida ya sayu.

Kwana shida magini ya haƙa, ya jera bulo, ya shafe. Amma sabon siminti guba ne ga kifi. Sai an cika tafkin da ruwa, an jefa kututturen ayaba ya ruɓe a ciki sati uku, an zubar, an sake cikawa.

Doosuur, matar Terkula, ta riga ta ɗaure kayan yaransu uku. Ta tare Bubayaro a zaure.

"Baba, sati uku? Jiya an harbe mai kemis ɗin bayanmu. Ka karɓo abin da aka taya tun farko, mu tafi."

"Madam, mai haƙuri shi ke dafa dutse."

"Ka dafa da naka 'ya'yan."

Ya san gaskiyarta, amma ƙaramin ciniki ƙaramar la'ada. Ya gyara hula ya wuce.

Dabara kuwa ta ci. Alhaji Zulkifli mai hatsi ya zo ya leƙa ruwa, ya shafa ganyen ayaba, ya ninka tayin farko. Sharaɗinsa ɗaya: ya ga kifi na yawo a ciki.

Ran Laraba Terkula ya ɗauki jarka ya hau motar Damaturu sayo 'ya'yan tarwaɗa. A hanyar dawowa wasu masu bindiga suka tare motar, suka tambayi kowa sunansa. Fasinja uku suka sauke, har da Terkula. Da la'asar direban ya kawo jarkar gida, ya ajiye a zaure, bai iya ɗaga kai ba. Kifin na ta motsi a ciki.

Bayan an binne Terkula, Doosuur ta ce ba za ta ƙara ganin wata Lahadi a Potiskum ba. Bubayaro ya je wa Alhaji da maganar alkawarinsa.

"Da mai gidan na yi magana, Buba. Yanzu kuwa ai matar gudu za ta yi."

Ya taya ƙasa da na farko. Doosuur ba ta ko zauna ba, ta dangwala yatsa.

Alhaji Zulkifli ya samu gida, da tafki ginanne, da kifi a ciki. Bubayaro ya karɓi 'yar la'adarsa, bai mayar ba. Doosuur ta shiga motar Makurɗi da yara uku, ba miji, da kuɗin da ba su kai ta sayi ɗaki biyu ba.