Babban Turbo da Ganga Shida

A shekarar da damina ta juya wa Agadas baya, sojoji kuma suka kafa shinge a kowace ƙofar gari, Illiya direba ya kamu da son turbo, na'urar nan mai ƙara wa injin mota ƙarfi. Yana cikin cin tuwo sai hannunsa ya tsaya a kwano, hankalinsa ya lula cikin hamadar Tenere, motarsa na shawagi bisa yashi tana wani siririn fito da shi kaɗai yake ji. Matarsa Fulera ta gaji da zungurinsa, ta koma janye kwanon kawai.

Mafarkin dai da dalilinsa. Raƙuman da mahaifinsu ya bari, saura goma sha biyar, suna hannun yayansa Lukumanu a bakin wata rijiya da ta ƙafe, bayan wani dogon tudun yashi gabas da gari. Lukumanu ya aiko cewa sun durƙushe, sai an kai musu ganga shida ta ruwa kafin su iya takowa. Tsohuwar kat-kat ɗin Illiya, motarsa ta shiga hamada, ba za ta hau tudun da wannan kaya ba, takardar fitar da sojoji suka ba shi kuma ta tafiya ɗaya ce tak.

Baba Abdou, tsohon makaniken unguwarsu, ya shimfiɗa buhu ya aje turbo biyu: ƙarami na wata motar da ta yi hatsari, da wani shirgege da aka ciro daga kamyo, babbar motar kaya. Shi yadda yake gwada turbo daban ne, kafa baki yake ya hura. Ya hura ƙaramin, farfelar ciki ta juya. Ya hura babban har jijiyar wuyansa ta fito, ko gezau.

"Ka gani, ɗana? Wanga numfashin tsoho ma ya ishe shi. Wancan sai mota ta ɗau gudu, hayaƙi ya yi yawa, sannan ya farka. Cikin yashi mai laushi wa zai ba ka gudu?"

Illiya ya ji, amma idonsa na kan babban, yana shafa shi kamar wanda ya ga ragon layya.

"Baba, ganga shida ce hwa. Wanga ɗan mitsitsi mi zai ja?"

Baba Abdou ya kaɗa kai, ya yi kwana biyu yana haɗa masa abin da ransa ke so. Da suka gwada a kan kwalta, gaskiya ko maƙiyin Illiya ya ji wannan fito sai ya yi murmushi.

Da hantsi sojoji suka buga wa takardar hatimi suka ɗaga sanda. Fili ya buɗe, ƙasa mai tauri, turbo ya farka. Illiya ya ji kamar ba ya taɓa ƙasa. Kawalwalniya na malala a gabansa, busassun ƙirare da ƙasusuwan shanu na wucewa baya a hankali, shi kuwa har ya fara ganin raƙuman sun miƙe suna bin sa gida. Daɗi ya cika shi.

Wajen la'asar ya iso gindin tudun. Yashi ya kama ƙafafun motar, gudu ya ragu, fiton ya ɗauke ɗif. Ya taka totur har ƙasa, motar ta yi baƙin hayaƙi ta nutse. Ya rage iskar taya, ya haƙa, ya shimfiɗa faifan ƙarfen da tayoyi ke takawa a yashi, ya ja baya ya sake tahowa. Sau uku, wuri ɗaya take tsayawa.

Dabara ɗaya ta rage, kuma kowane direban hamada ya san ta: a rage nauyi, a jiƙa yashi ya daskare. Ya daɗe tsaye da hannu a kan murfin gangar farko kafin ya buɗe. Ruwan ya tafi cikin yashi shuuu, sai ƙamshin ruwan farkon damina ya tashi ya cika masa hanci. Ya rufe ido, ya ga ciyawa shar har iya ganinsa, ya ga mahaifinsu tsaye a ciki da sanda. Da ya buɗe ido kuka yake, na baƙin ciki da kunya. Sai da ya zubar da ta huɗu motar ta hau.

Ya iso rijiyar rana ta yi ja. Raƙuman suka ɗago wuya gaba ɗaya, sun ji ruwa. Lukumanu ya zagaya bayan mota yana ƙwanƙwasa gangunan da ɗan yatsa, huɗu suka amsa da ƙarar wofi. Ya ɗauko komin shayar da raƙuma ya aje a gaban ƙanensa.

"Illiya, ni na san kowane da sunansa, ba ni iyawa. Kai ka zaɓi waɗanda za su sha."