Takardar Da Ta Rubuta Wa Malam

Duk shekara idan lokacin tsara ayyukan baɗi ya zo, hukumar bunƙasa ƙere-ƙere ta gwamnati sai ta rikice. Kowane shugaban sashe na yawo da fayil a hammata, ana yi wa juna murmushin da bai kai ciki ba. Wata da ake kira Injiniya ba ta cikin masu wannan zirga-zirga. Ita ke riƙe da sashen gwaji, wata doguwar rumfa a bayan ofis mai warin man inji, inda masu walda da ƙananan maƙera ke kawo abin da suka haɗa a auna musu, a nuna musu inda zai karye kafin ya karye a hannun mai saye. Hankalinta kwance yake, domin shugaban hukumar malaminta ne tun jami'a, shi ya kawo ta aikin shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Kowa na ce masa ranka ya daɗe, ita kaɗai ke ce masa Malam.

Wata uku kafin zaman kwamiti ya kira ta ofis, ya tura ƙofa da kansa. Ya ce akwai masu yi wa sashenta kallon banza, kuma ba ya son a mamaye shi a gaban mutane. Ta rubuta masa duk wata matsalar rumfar, kada ta ɓoye komai, don ya san ta inda zai tare.

"Tsakanina da ke ne, 'yata," in ji shi. "Daga aljihuna ba inda za ta."

Ta rubuta shafi huɗu, tsakaninta da Allah. Ta faɗi cewa injin yankan ƙarfe ya tsufa har yana cin ma'auni, cewa cikin injina goma da ake gwadawa uku ne kacal ke kaiwa kasuwa, cewa rufin na yoyo daidai kan allon wuta. A ƙarƙashin kowace matsala ta sa yadda za a gyara. Da maigidanta ya gan ta tana ta rubutu a teburin cin abinci, ya ce ko likita ba a gaya masa ciwo haka dalla-dalla. Ta yi dariya, ta ce ai Malam ya fi likita.

Ranar wata Talata jami'in tsare-tsare ya shigo rumfar da kundin shirin baɗi, yana share zufa. Gobe za a kai wurin bugu, idanunsa sun gaji, kuma kowa ya san ba mai kama kuskuren rubutu kamarta. Da gani bai tsaya ya karanta abin da ya ɗauko ba, haɗa shafukan kawai ya yi. Ta zauna a kan benci da jan biro, tana gyara waƙafi tana tsaki, har ta iso shafi na arba'in da ɗaya.

Za a rufe sashen gwaji. Za a mayar da rumfar zauren baje koli don masu zuba jari. Dalilan na jere a ƙasa, kuma maganarta ce, kalma da kalma, har da "cin ma'auni" da ba wanda ke faɗa sai ita. Hanyoyin gyaran da ta rubuta kuwa an tsame su kaf. A ƙarshen sakin layin an sa: kamar yadda shugabar sashen ta tabbatar da kanta.

Ta karanta sau uku. Sannan ta ɗauki kundin ta hau bene, ko hannu ba ta wanke ba.

Malam bai musa ba. Ya cire tabarau ya shiga goge shi da gefen riga, ya ce daga sama aka matsa, ana son wurin da za a kai baƙi su ga abu mai ƙyalli, kuma dole sashe ɗaya ya tafi. In ba da hujja daga bakin mai wurin ba, kwamiti ba zai yarda ba. Ya ce kada ta damu, ya riga ya nema mata kujerar mataimakiyar darakta, ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ta huta da baƙin mai.

"Ranar da ka rufe ƙofar nan, ka riga ka yanke?" ta tambaya.

Ya mayar da tabaran, ya ce wata rana za ta gane shugabanci. Ta ajiye masa kundin a kan tebur, da shatin yatsunta baƙi a bango, ta ce sauran shafukan sai a nemi wani ya duba.

Ta nemi a ba ta minti biyar a gaban kwamiti, aka ce jadawali ya cika. Ta aika wa kowane mamba cikakkiyar takardar, da gyare-gyaren da aka cire. Mutum ɗaya ya amsa, ya yaba da ƙwazonta. Shirin ya wuce ba gardama.

Kujerar ta karɓa, don yara na makaranta kuma garin ba wani wurin da ke neman irin aikinta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne makon kwashe kaya, lokacin da wani dattijo mai walda ya iso da injin ɓare masara a bayan a-kori-kura, karo na huɗu yana gyara shi bisa shawararta. Ya tsaya yana kallon leburori na kwance allon wuta, ya tambaya wane mara imani ne ya ce wurin nan ba shi da amfani.

"Ni ce, Baba," ta ce. "Da hannuna na rubuta."

Ya ɗauka wasa take, har ya soma dariya, sai ya ga fuskarta. Ta sa aka sauke injin a tsakar fili, ta aro waya mai tsawo daga ɗakin masu gadi, suka tayar da shi a rana. Har yanzu yana fasa ƙwaya. Ta durƙusa ta nuna masa inda zai rage wa haƙoran tsini, ta rubuta masa ma'aunin a bayan wani tsohon ambulan.