Taɓarya Ta Biyu

Balki ta shiga zauren matasa na Madawa daidai lokacin da ake jan labule ana rufe tagogi, ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙifta ido, don daga cikin rana ta fito. Tun da sassafe ta baro Tamaske, motar kasuwa ta jijjiga ta har ƙugunta ya gaji, kuma ba kallo ya kawo ta ba. Saƙo ta kawo. Mijinta Iro ya ce a gaya wa Munir motar Abijan ran Alhamis za ta tashi, baffansa Mamman ya riga ya kama masa wuri, ana neman hannu a shagonsa na can. Maganar kuwa tun bara aka yanke ta a gaban kowa: Munir zai shiga gasar nan ta masu haɗa hoto da waƙa, in an zaɓe shi zuwa zagaye na gaba a Tawa a ƙyale shi da sana'arsa, in ba a zaɓe shi ba ya ɗauki jaka ya bi sawun samarin garinsu.

A waya ma da an faɗi wannan an gama. Balki dai ta ce tana da sayayya a Madawa, Iro kuma ya yi kamar ya yarda.

Munir ɗanta ne na fari, saboda haka shekara ashirin da huɗu ke nan bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa. In ana yabonsa a gabanta sai ta tashi ta shiga ɗaki neman abin da bai ɓata ba. Yanzu ma da ta hango shi can gaba kusa da na'urar haska hoto, dogo, ya sa rigar Sallah, sai ta kau da kai ta lallaba bencin baya ta zauna kusa da wata mai sayar da ruwan sanyi. Matar ta ce sunanta Fatiha, suka gaisa, ta matsa mata.

Alƙalai uku ne a teburin gaba. Babbansu Mushe Alƙasim, wato Malam Alƙasim a bakin 'yan boko, tsohon malamin makaranta mai farin gemu, wanda ke riƙe da alƙalami kamar bulala. Kusa da shi Faruƙ, mai haɗa sauti a wani gidan rediyo, ya rataya abin saurare a wuya don kada wani ya manta aikinsa. Na ukun, Shafi'i, tun da aka fara wayarsa yake dubawa.

An nuna ayyuka huɗu, samari na rawa a gaban motocin da ba nasu ba. Sannan aka kira sunan Munir. Balki ta riga ta ji a gari cewa nasa na ban tsoro ne, wai har da fatalwa, kuma ta rantse a ranta ba za ta duba ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Sai ta ji daka.

Ba ta san lokacin da ta ɗago ba. A jikin bango ga tsakar gida irin na ƙauye, rana tsaka, ba inuwa ko kaɗan. Mawaƙiyar, wata yarinya Zuhura, tana tsaye ita kaɗai a bakin turmi. Babu ganga a kiɗan, dakan ne gangar. Taɓarya ta sauka, sauti ya sauka tare da ita, muryar yarinyar ta bi a hankali:

Ke da kin tahi, bar mini rana,
Gero kaɗan na, hannu guda ya isa.

A baiti na biyu hasken ya fara yin ja. Kaji suka watse daga gindin turmi ba wanda ya kore su. Kiɗan ya ninku, tsakanin bugu da bugu wani bugun ya shigo, mai nauyi, kuma duk bayan uku sai a ji ƙwas, kamar an taɓa bakin turmi da gefen taɓarya. Tsikar jikin Balki ta tashi. A baiti na uku muryar ta koma raɗa. Yarinyar tana sauke taɓarya ba a jin komai, sai ta ɗaga sama sannan a ji dum. Haka har ƙarshe, inda ta ce, "To riƙe, na bar miki," hoton ya tsaya a kan turmi, ƙurar dusa na tashi.

Aka yi tafi, ba mai yawa ba. Faruƙ ya ja makirufo ya yi magana da Faransanci mai tsawo, yana sara iska da hannu. Kalma ɗaya yake ta maimaitawa, dekalaj, dekalaj.

"Mi yac ce?" Balki ta tambayi Fatiha.

"Wai sauti ya zame, bai bi hoto ba. Wai tun daga tsakiya aikin ya ɓaci, yaron bai iya jera su ba."

Mushe Alƙasim ya juya zuwa Hausa don jama'a su ji. Ya ce hoton yana da kyau, hasken ma ba laifi, amma doka ta farko a wannan aiki ita ce abin da ido ya gani kunne ya ji shi a lokaci guda. Wanda taɓaryarsa ke sama sauti na ƙasa, ba za a tura shi Tawa ya ba Madawa kunya ba. Ya ce ko mai aikin yana da abin faɗi.

Munir ya miƙe. Tun yana ƙarami yake da in'ina, in ransa ya ɓaci kuwa sai harshen ya ƙulle gaba ɗaya. Ya fara da Faransanci, kalmar ta maƙale. Ya koma Hausa, "Ba ku... ba ku... ba kus..." Wasu samari a gefe suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Mushe Alƙasim ya duba agogo ya buɗe alƙalaminsa.

Balki ta ji zuciyarta na tafasa. Maza uku da ba su san tuwo ba sai a kwano, su ne za su yanke hukunci a kan turmi. Ta yi niyyar daurewa, don mace ba ta tsaya wa ɗan fari a bainar jama'a, duk Tamaske za a ji. Ta damƙe bakin mayafinta. Sai ta ga kafaɗun yaron sun sauka, irin saukar da ta sani tun yana rarrafe, ta tarar da kanta a tsaye.

"Mushe, a gahurta mini. Ina da magana."

Aka juyo. Mushe Alƙasim ya sauke tabarau ya leƙo ta samansa.

"Hajiya, ke mi ta gare shi?"

Balki ta kau da kai daga yaron. "Garinmu guda."

Munir ya sunkuyar da kai. Fatiha ta dubi fuskar matar, ta dubi ta saurayin, ta rufe baki da hannu.

"Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba," Balki ta ce, "amma shekara arba'in ina daka. Ku maido shi daga hwarko, in gwada muku abin da ba ku gani ba."

Faruƙ ya yi tsaki, amma Mushe Alƙasim mutum ne mai son a ce ya yi adalci. Ya ɗaga hannu aka maido hoton. Balki ta tako har gaba, ta tsaya gefen bango inda hasken ba zai rufe ta ba.

"Nan ita ɗai take. Ku duba tsayuwatta, ta raba ƙahwa, turmi na tsakiyatta, taɓarya na tahiya sama sak. Haka mace ka daka in ba kowa. To a ci gaba." Hasken ya yi ja, kajin suka watse. "Tsaya nan. Yanzu ina take tsaye?"

"Ta ɗan matsa gefe," Shafi'i ya ce. Ya ajiye wayarsa.

"Wa ta matsa wa?"

Balki ta nuna hoton da yatsa.

"Ku duba taɓaryar. Ba ta kai ta sama sak, kwantar da ita take wajen kahwaɗa. Ba a yin haka sai in ana ba wata hanya. Mata biyu in sun haɗu ga turmi guda, wagga ta ɗaga, waccan ta sauke. In sunka sauke tare, hannu za ya karye. Bugun da kuka ji tsakani ba zamewa yay yi ba. Na waccan na."

"Wace waccan?" Faruƙ ya ce. "Mutum guda muka gani."

"Shi na abin tsoron, ɗana."

Balki ta ce a matsa gaba kaɗan, a tafi da shi sannu. Aka rage gudun hoton. Taɓaryar Zuhura na sama, can kusa da kanta, sai ga gero ya yi tsalle daga cikin turmi ya zubo ƙasa. Wata mata a tsakiyar zaure ta yi salati da ƙarfi.

"Gero ba shi tsalle don kainai," Balki ta ce. "Kuma ku ji bakin waƙar. Tana cewa hannu guda ya isa. Wa aka hwaɗa wa haka in ba wadda ta kawo hannu na biyu ba? Roƙonta take ta koma inda ta hito. Ta ƙi. To ga baiti na ukku, nata bugun ya ɓace, na waccan ɗai aka ji. Mai rai ba a jin ta, wadda ta tahi ita aka ji. Sun yi musanya ke nan. Shi ya sa muryar ta koma raɗa, shi ya sa da tac ce na bar miki ba a sake gwada ta ba, sai turmi."

Fatiha ta miƙe daga baya. "Wallahi haka na. Ni tun ɗazu jikina ya ba ni, na rasa ta inda zan kama."

Mushe Alƙasim ya ce a sake shi gaba ɗaya, kada kowa ya yi magana. A wannan karon da bugu na biyu ya shigo, mata suka matsa jikin juna, samarin da suka yi dariya ɗaya ya tashi ya koma kusa da ƙofa. Faruƙ ya sa abin saurarensa a kunne a karo na farko, ya rufe ido yana ƙirga da yatsa a kan tebur. Da aka gama ya cire shi a hankali.

"Ba zamewa," ya ce. "Kowane bugu daidai tsakiya yake faɗawa, daga fari har ƙarshe. Kuskure ba ya zama daidai haka."

Mushe Alƙasim ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ja layi a takardarsa, ya ce shekara talatin yana koya wa yara su duba da kyau kafin su yi magana, yau an koya masa. Da aka karanta sunaye biyu masu zuwa Tawa, na Munir ne na farko. Balki ba ta yi tafi ba. Tana can bencin baya tana gyara ɗaurin kallabinta da bai kwance ba. Daɗi ta ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma ba ta da inda za ta ajiye shi.

A waje, gindin wata bishiyar bedi, Munir ya same ta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon masu babur. Akwai abin da ke cin ta tun cikin zaure. Ƙwas ɗin nan na bayan bugu uku, mutum ɗaya ta sani da shi a duniya: ƙanwarta Zainab, wadda aka aurar a gidan da ke jikin nasu, suka yi shekara ashirin suna daka a turmi guda, har ciwo ya ɗauke ta shekara huɗu da suka wuce.

"Bugun nan na bakin turmi," ta ce, "ina ka samo shi? Ba ka da na'ura sa'adda take da rai."

In su biyu ne harshensa ba ya maƙalewa sosai. "Ke ta, Inna."

"Ni?"

"Da Sallah da na zo gida, na aje waya bisa katanga kina daka. Duk sautin naki na, na hwarko da na biyu. Har yanzu gehe guda kike tsayawa. Kina kwantar da taɓarya, kina jira kaɗan. Kuma bayan ukku kina taɓa bakin turmi, kamar yadda Inna Zainab ka yi. Nan na samu waƙar duka."

Shekara huɗu, ba ta sani ba, kuma duk gidan ba wanda ya lura sai wannan da ake cewa ba ya iya magana. Ta ja bakin mayafi ta goge ido, ta ce ƙurar Madawa ba ta da kyau.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Iro ne.

"Kin gane shi? Kin hwaɗa mai Alhamis?"

"A ba wani wurin," ta ce. "Yaron nan ba shi zuwa Abijan. Aiki gare shi."

"Wane irin aiki?"

Ta dubi ɗanta, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi a kan titi ba.

"Irin nawa," ta ce.