Mai Kunne da Tiyon Iska

Shekara ashirin da takwas Mai Kunne ya yi yana jan tirela, kuma in ka yarda da bakinsa, bai taɓa tsugunawa a ƙarƙashin mota ba. Sauran direbobin kamfanin, da safe sai ka gan su suna zagaya motocinsu, suna bubbuga taya da guduma, suna leƙa noti, suna zaro sandar baƙin mai suna goge ta da tsumma. Shi kuwa hawa yake yi ya murɗa makulli, ya lumshe ido, ya karkata kai gefe ɗaya. Bayan minti guda ya buɗe ido ya ce, "Lafiyarta ƙalau." Daga nan sunan ya samo asali, kuma shi ya fi kowa son sunan.

A gaskiya da can kunnen ya yi aiki. Akwai ranar da yana shan shayi a bakin gareji wata mota ta wuce, ya ce a tsayar da ita, ƙafar baya ta hagu za ta fita. Aka duba, haka ne. Shekara goma sha tara ke nan, amma duk sabon direba sai ya ji labarin, wani har sau uku kafin ya karɓi makullinsa. Abin da ya dami Mai Kunne a 'yan shekarun nan ɗaya ne: mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Kowa sai ƙunƙuni, har masu karanta labarai.

Ana nan kamfani ya ɗauki mai duba lafiyar motoci, aka kafa doka cewa ba motar da za ta fita ƙofa sai da sa hannunta. Ba wata ba ce kuwa illa Auta, ƙanwar matarsa, wadda ya sha ɗauka a kafaɗa tana majina. Ta je ta karanto aikin injina, ta dawo da rigar aiki shuɗiya da tocila da takarda a kan allo. Sati biyu yana zille mata, yana fita kafin ta kai ga layinsa. Ranar wata Talata ta riga shi zuwa. Ya same ta tsaye a gaban motarsa, an riga an loda mata siminti tan talatin.

"Ina kwana, Yaya. Yau dai kai ne na farko."

"Auta, motar nan ta girme ki a aiki. Je ki duba na yara."

"To bari mu gaisa da ita. Ka tara iska, ka kashe injin, ka taka birki ka riƙe."

Ya yi, don kada a ce ya ji tsoro. Ta tsaya tsakanin kan motar da bodi, ta kasa kunne.

"Yaya, kana jin wannan?"

"Me?"

"Iska tana fita."

"Babu wata iska. Da akwai, ni zan fara ji."

Ta ɗauko wata 'yar kwalba ta fesa ruwan sabulu a kan jan tiyon da ke kai iska zuwa bodi. Nan take kumfa ta taso a gindinsa, tana kumbura tana fashewa. Ta kira shi ya sauko ya gani da idonsa. Ya sunkuya kaɗan, hannu a baya, ya duba.

"Sabulu ai aikinsa ke nan, kumfa. Ko a baho kika zuba haka zai yi."

Direbobin da suka taru suka tuntsire da dariya, shi kuma ya ɗauka da ita suke. Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce tiyon ya tsage, a jira a sauya, aikin rabin awa ne in an buɗe sito. Ta ƙi sa hannu.

Mai Kunne ya wuce ofishin manaja kai tsaye. Manajan mutum ne mai son lafiya ƙwarai, a bango. Duk inda ka juya a ofishinsa hoton wani ne sanye da hular kwano yana ɗaga babban yatsa. Shi ma yana da tasa hular, fara tas, a kan firij, yana sa ta in za a ɗauki hoto. Ya saurari Mai Kunne, ya aika aka kira Auta.

"Malama, kin san ni, lafiyar ma'aikata ita ce gaba da komai. Amma masu simintin nan tun jiya suke bugo mini waya. Ba zai iya lallaɓawa ya dawo a gyara ba?"

"Ranka ya daɗe, birki ba a lallaɓa shi."

"Mutumin nan fa shekararsa ashirin da takwas yana tuƙi."

"Tiyon ma ya kusa haka."

Manaja ya karɓi takardar, ya rattaba hannu a gurbinta, da irin sa hannun nan mai jela. Auta ta rubuta a ƙasa cewa ba ta amince ba, ta sa lokaci, ta fita. Mai Kunne ya bi ta da kallon nasara, har ya ce mata in ta je gida ta gaida Yayarta.

Ya fita ƙofa ƙarfe tara da kwata, yana ɗaga wa mai gadi hannu. A gabansa akwai agogon iska mai allura biyu, amma shi a wurinsa agogo na 'yan koyo ne, don haka a nan yake rataye hularsa. Jar fitilar gargaɗi kuwa tun bara ya liƙe ta da baƙin salatif, wai tana kashe masa ido. Saura ƙararrawar da ke kuka in iska ta yi ƙasa. Ta fara kuka tun daga gidan mai na biyu, ta yi iya yinta.

Kafin babban shataletale akwai cunkoso. Ya taka birki ya saki, ya taka ya saki, kowane taku yana cinye iskar da ba ta komawa. Ya samu hanya, ya shigar da kan motar cikin shataletalen, bodi ya biyo baya. Yana tsakiyar kwana sai motar ta gaji da jiran a saurare ta. Birkin da ke kama kansa in iska ta ƙare ya kama, tayoyin baya suka ja ƙasa, ƙirjinsa ya bugi sitiyari. Tirela ta tsaya a gicciye, ta toshe hanya uku cikin huɗu.

Ya taka totur, ta yi gurnani ba ta motsa ba. Ya leƙa ta taga. Motoci sun cika ko'ina, mutane sun fiffito, bakuna suna buɗewa suna rufewa, hannaye suna nuna shi. Ya ji hayaniyar can nesa-nesa, har ya ce a ransa mutanen garin nan suna da haƙuri.

Ɗan sandan da ke ba da hannu ya hau matakalar ya buɗe ƙofa, nan da nan ya toshe kunnuwansa.

"Baba, don Allah kashe wannan ƙarar tukuna!"

"Wace ƙara?"

Ɗan sandan ya dube shi, ya dubi gaban motar, ya sake dubansa. Ya miƙa hannu ya cire hular daga kan agogo. Allurai biyun suna kwance a cikin ja. Ya kusanto da bakinsa ga kunnen Mai Kunne ya yi ihu, "Wannan da take tsaga kai! Ba ka ji?"

Mai Kunne ya karkata kai gefe ɗaya, ya lumshe ido. Can ƙasa-ƙasa ya jiyo wani abu kamar kukan sauro a ɗakin maƙwabta. Ya buɗe ido.

Awa uku Auta da babban makaniki suka yi kafin su iso, don cunkoson da ya haɗa har ƙofar kamfani ya kai. Ƙarshe a ƙafa suka ƙaraso, makanikin na saɓe da sabon tiyo. Ta sa aka danne tayoyi da waigi kafin kowa ya shiga ƙarƙashi. Minti ashirin aka sauya tiyon, aka tara iska, birki ya saki. Ta hau kusa da Mai Kunne, ta sa ya fitar da motar ya faka a gefen hanya. Sannan ta nuna masa gaba. Daga shataletalen hanya gangara take yi, doguwa, kuma a ƙasanta tashar bas ce, cike da mutane.

Ta ɗaga murya yadda zai ji. "Da ka wuce nan da rabin iska, Yaya, da tan talatin a bayanka, wa zai tsayar da kai?"

Ya daɗe yana kallon tashar. Akwai wata mata a can riƙe da lema, da yara biyu a gefenta. Ya sauke hannunsa daga kan sitiyari.

"Kada ki gaya wa Yayarki," ya ce.

"Ai hotonka ya riga ni zuwa. Duk wayoyin gari kana ciki."

Washegari manaja ya sa farar hularsa ya tara ma'aikata. Ya ce shi dama jikinsa ya ba shi, ya ce sakaci ba shi da gurbi a kamfanin nan, ya kafa kwamitin bincike da shi a shugaba. Takardar da ya sa wa hannu aka neme ta sama da ƙasa aka rasa. Auta ta ce kada ya damu, ta ɗauki hotonta a waya, za ta iya tura wa kwamitin da masu kamfani gaba ɗaya. Kwamitin bai taɓa zama ba, kuma daga ranar alƙalamin manaja bai sake kusantar takardarta ba.

Mai Kunne kuwa aka tura shi asibiti. Likita ya ce shekara ashirin da takwas na rurin injin, da taga a buɗe, sun cinye fiye da rabin jinsa, na hagu ya fi lalacewa. Aka saka masa 'yar na'ura a bayan kowane kunne. Sati guda ya yi yana ja da hula yana rufe su.

Da ya koma aiki, abin ya zama wani sabon bala'i. Yanzu yana jin komai. Yana zagaya motarsa da guduma da tocila, yana tsugunawa har gwiwarsa na ƙara, ya ce wannan ma a duba. In ƙofa ta yi ƙiiƙ, ya faka. In madubi ya yi rawa, ya rubuta. Ya bar tasa ya koma kan motocin wasu, yana tsayar da direbobi a ƙofa wai ya ji wani abu a ƙafar baya, kuma abin haushin, sau da yawa akwai abin. Gareji ya cika da motoci, makanikai suka daina samun zaman shan shayi.

Wata rana babban makaniki ya ja Auta gefe, ya duba hagu da dama, ya rage murya sosai, don yanzu ba a san iya inda kunnen yake kaiwa ba.

"Malama, abin nan na kunnen Yayanki, batirinsa ba ya ƙarewa ne?"

"Yana ƙarewa mana," ta ce. "Shi ya sa na sayo masa kwali guda."