Ɗinkin Tsakiyar Bargo

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Eilif kuwa rufin ɗakinsa lafiya lau, a kan gado yoyon yake.

Tun ƙarshen sanyi matarsa Ranveig ta fara wata irin zufa cikin barci. Ta kwanta a bushe, kafin safiya rigarta ta jiƙe, matashi ya jiƙe, shi ma da ke gefenta ya samu rabonsa. Yakan yi mafarki yana cikin kwale-kwalensa na kamun kifi, ruwa na ɓuɓɓugowa ta ƙasa yana ta kwarfewa, sai ya farka ya ji hannunsa a bayanta, zafi kamar burodin da aka sauke yanzu. Likitar da suka je wa a babban gari ta duba ta, ta ce ba cuta ba ce, shekaru ne, zai wuce ran da ya ga dama.

"Ka ji ko?" in ji Ranveig a hanyar dawowa. "Tsufa ne ke dafa ni."

"To ai kin nuna, a rage wutar mana."

"Rufe min baki, busasshen kifi."

Da bargonsu bai taimaka wa zufar ba, da abin ya zo da sauƙi. A ƙasarsu mai tsananin sanyi miji da mata gado ɗaya suke kwana, amma kowa da bargonsa, kowa ya naɗe abinsa. Su kuwa nasu ɗaya ne, faffaɗa. In sanyi ya ja baya, agwagin teku kan fito tsibirin da suke zaune su yi ƙwai a akurkin da ake gina musu, a kan busasshiyar ciyawar teku. Uwa ta fige laushin gashin ƙirjinta ta lulluɓe ƙwai. In ta tafi da 'ya'yanta a kwashe gashin, a tsince, a yi bargo. Tun Ranveig tana budurwa take tara nata, sheƙa bayan sheƙa, ta ce ita ba ta yin auren da za a gitta mata katanga a tsakiyar gado. Aka yi musu dariya a bikinsu, aka gaji aka bari. Bargon ba shi da nauyi ko na sisin kwabo, amma ɗuminsa ya isa ƙyanƙyashe ƙwai.

Sai lokacin da agwagi ke zaɓen sheƙa ya zo. Wanda ya san tsibirin ya san dokar: ba a buga ƙofa, ba a hura wuta da safe, kyanwa a kulle, kuma ba a shanya a waje, don zane in ya kaɗa a iska agwagwa ta juya ke nan, ba za ta dawo ba bana. Jiƙaƙƙun zannuwan gado suka koma rataye cikin gida, a ƙofofi, a kujeru, a igiyar da Eilif ya ja daga taga zuwa taga. Rana ta daina faɗuwa sosai kamar yadda take yi a can a irin wannan lokaci, hasken dare fari-fari yana ratsa su, gidan ya zama kamar jirgin ruwa mai filafilan yadi da ya rasa iska. Su biyun suna bi ta tsakani da sanɗa, suna magana da raɗa.

Wata safiya Ranveig ta ajiye masa gahawa mai sanyi, ta ce, "Tsoho, ɗayan biyu. Ko in sa almakashi in raba bargon nan kamar na kowa, ko in koma ɗakin sama."

"Ni na yi ƙara?"

"Idonka ya yi. Jiya da cokali a baki ka yi gyangyaɗi."

"Ba za a yanka ba."

"To ɗakin sama ke nan."

Ta kwashi zane ɗaya ta hau. Mutanen yanzu za su ce me aka yi, ai kowa ya samu barci. Yaro man kaza. Wanda bai taɓa sabawa da numfashin wani ba bai san shiru yana da ƙara ba. Eilif ya kwanta a bushe, ya kasa runtsawa. Yana jin motsinta a kan katako can sama, yana jin mazan agwagi a bakin ruwa suna kukansu mai taushi kamar masu mamakin wani labari. In barci ya ɗan sace shi sai ya ga kwale-kwalen nan, ba ɗigon ruwa a ciki, amma teku ta janye ta bar shi a kan yashi.

Da ya gaji da kwanciya ya zauna bakin taga. A akurkin da ke jikin dutse wata uwa ta riga ta zauna. Ya ga ta sa baki a ƙirji tana fige kanta, tana turawa gefe, har ta bar fata tsirara a inda za ta taɓa ƙwai. Ya daɗe yana kallo. Tsuntsuwa ma ta san inda ake son gashi da inda ba a so.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar, da Ranveig ta fita zagayen akurki, ya shimfiɗa bargon a kan tebur, ya farke gefen da take kwanciya da wuƙar kifi. Gashin nan ba ya tashi a iska, riƙe juna yake yi. Ya ja, ya taho masa curi guda kamar hazon safiya, ya manne masa a gemu da gira. Ya yi ta ja har gefenta ya zama kusan zane kawai. Sannan ya ɗauko zaren da yake gyaran komar kamun kifi da shi, ya bi tsakiyar bargon da ɗinki daga kai har ƙafa, don kada ɗumin gefensa ya tsallaka.

Ta shigo ta same shi da farin gemu ya koma toka-toka. Ta dubi tebur. 

"Aikin ƙuruciyata ka farke da wuƙar kifi?"

"Na wanke ta."

"Wannan ɗinki ne ko kana jiran kifi ya faɗa ciki?" Ta shafa layin zaren da yatsa, ta ɗaga gefen da ya rame, ta sake shi ya sauka a hankali. Muryarta ta yi ƙasa. "Ina ka kai gashin?"

Ya nuna mata ta taga. A ƙarƙashin ɗakin kwanansu akwai wani tsohon akurki da agwagi suka ƙaurace wa shekara da shekaru. Can ya zuba shi, a kan sabuwar ciyawa.

"Wawa," ta ce. "Agwagwa ba ta kwana a gashin wata."

"Ni ma haka na ce kafin in aure ki."

Ba ta yi dariya ba, amma da yamma ya ji ta sauko da zanenta.

Zufar ba ta tafi ba. Ba a yi wa mutum ƙarya. Ta dai ragu, kuma Eilif ya koyi ajiye busasshiyar riga a gefensa, in ta farka ya miƙa mata ido a rufe. Akurkin nan ma agwagwa ba ta shiga ba, Ranveig ta fi shi sanin tsuntsayenta. Ƙananan tsuntsaye ne suka yi ta ɗiba suna kaiwa sheƙunansu, har tsibirin duka ya samu ɗan rabo daga bargon aurensu.

Amma can wajen asuba, in zufar ta huce sanyi ya biyo baya, sai ya ji ƙafafunta sun ratso ƙarƙashin ɗinkin nan sun shigo gefensa, sanyi ƙalau kamar duwatsun bakin ruwa. Ya maƙale su tsakanin nasa. A mafarkinsa teku ta dawo, ta ɗaga kwale-kwalen daga kan yashi.