Muryar da Aka Shanya a Rana

Tun da Tauqir ya sauko daga saman rufi rungume da allon na'urar, bai zauna ba. Ya ajiye shi a kan teburin shagon, ya ɗauke, ya shimfiɗa tawul, ya sake ajiyewa.

Allon na wani tsohon akwatin wasan dambe ne, irin wanda yaran unguwar Korangi suke jefa wa kwandala su fafata. Mahaifin Tauqir, marigayi Ustad Feroz, ya taɓa cire muryar baƙon da ke shelar nasara a wasan, ya naɗi tasa, ya zuba ta a wata 'yar ƙwaƙwalwar na'ura da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Duk wanda ya kayar da abokin karawarsa sai akwatin ya daka tsawa da Urdu: "Madalla, ɗana! To matsa ka ba wani wuri!" Ustad bai bar kaset ba, bai kuma taɓa yarda a ɗauke shi a waya ba. Babu inda muryarsa ta saura a duniya sai nan.

Da ruwan damina ya malale shagon, Shabbir, kawun Tauqir, ya yi abin da kowane mai gyara a layin yake yi: ya wanke allunan da sabulu da burushi, ya shanya su a rufi. Ya kwashe saura, ya mance wannan a bayan tankin ruwa. Ita kuwa irin wannan ƙwaƙwalwa tana da 'yar tagar gilashi a gadon bayanta, hasken rana kuma yana goge abin da ke cikinta sannu a hankali, shi ya sa ake liƙe tagar da takarda. Takardar ta bi ruwan sabulu.

"Mamu, tun yaushe yake can?" in ji Tauqir, da sunan da suke kiran kawu.

"Tun ranar da muka kwashe laka." Shabbir ya tura ganyen pan, wanda suke taunawa kamar goro, cikin kunci. "Injiniya Sahab, don Allah zauna, kana sa ni jiri. Tun ba a haife ka ba muke shanya alluna."

"Da takardarsu a jiki, Mamu."

Shabbir ya daina tauna. Can ya ce, "To jona shi a akwatin mu ji mana."

"A'a! Sai na kwafe ƙwaƙwalwar tukuna."

Ya sa bakin sukundireba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar, ya ɗaga nan kaɗan, ya ɗaga can kaɗan. Tsatsa ta ci ƙafafunta, ɗaya har ta lanƙwashe. Ya miƙe ta da ɗan hantsaki. Mai shayin da ke gefe ya leƙo ya ce an riga an ɗauke wuta a layin baya, saura nasu. Tauqir bai ɗago ba, gumi yana bin gilashin idonsa.

Ya ɗora ta a na'urar kwafa, kwamfuta ta karanta. Ya sa ta sake karantawa, domin ƙa'idar aikin ke nan: sai karatu biyu sun zo iri ɗaya ake yarda da kwafi. Ba su zo ɗaya ba. Na ukun ma ya saɓa wa duka biyun.

"Me take cewa?" Shabbir ya matso har haɓarsa tana taɓa kafaɗar Tauqir.

"Rana ta fara cinta. Akwai wuraren da ita kanta ba ta tabbatar da abin da ta riƙe ba."

"Kamar ni ke nan."

Tauqir bai yi dariya ba. Ya zagaya teburin, ya dawo, ya dubi fankar da ke juyi a sama. Ya san cewa ƙwaƙwalwar da ta raunana takan faɗi gaskiya idan aka rage mata ƙarfin wuta, amma a makaranta kawai ya taɓa jin haka, bai taɓa gwadawa a kan abin da ba shi da na biyu ba. Ya rage kaɗan. Karatun ya saɓa. Ya ƙara ragewa. Wannan karon biyu suka zo ɗaya. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, har Shabbir ya ce, "Yaro, so kake ta haddace kai ma?"

Sai da ya adana kwafin a kwamfuta da waya, ya liƙe tagar tsohuwar da baƙin salatif ninki biyu, sannan ya zuba abin a sabuwar ƙwaƙwalwa, ya mayar da allon cikin akwatin. Hoto ya taso. Amma muryar ba ta fita sai wani ya yi nasara, don haka suka kama sandunan wasan. Shabbir, wanda ba a taɓa kayarwa a layin ba, ya gama da shi nan take.

"Madalla, ɗa..." Muryar ta shaƙe, ta karce, sannan ta ci gaba, "...na! To matsa ka ba wani wuri!"

Tauqir ya dafe akwatin. "Ta lalace a tsakiya. Rana ta ci wurin."

"Rana? Taba ce. Haka maƙogwaron Feroz Bhai yake tun muna samari."

"Da ba haka take ba, Mamu."

"Ni na fi ka daɗewa ina jin faɗansa."

Tauqir ya san ba gaskiya ba ne, ko kuwa yana zaton ya sani. Ya yi ƙoƙarin tuno yadda take a da, ya kasa. Fanka ta rage gudu, ta sake ɗauka.

"Jefa wata kwandalar kafin su ɗauke wuta," ya ce. "Ni ba ta taɓa ce mini madalla ba."

Shabbir ya jefa. Da aka fara, sai ya saki sandarsa ya bar wa Tauqir fili, ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana laluben gwangwanin da yake tofa pan, yana mita wai kullum sai an kawar masa da shi.